Iyar da Ke Cikin Talabijin

Da sassafe Iya Tabawa ta hau mota daga Gumel don ta yi yinin Sallah da jikokinta a Kano. Duk hanya tana bitar wata waƙar dandali ta zamanin ƙuruciyarta, wadda take son koya musu.

Ta tarar da su a falo cikin sababbin kaya, sun zuba wa talabijin ido. A shekarun nan gidan talabijin kan haɗa wa kowane gida shirin yara na Sallah da fuska da muryar wanda iyaye suka zaɓa. Ɗanta Sagir kuwa ita ya zaɓa.

Sai ga ta a cikin talabijin ɗin, ba tari, ba giɓi, tana rera waƙar da ba ta taɓa ji ba, yara suna amshi.

"Ku taso mana, ga Iyarku ta zo," in ji ta, sannan ta soma rera tata waƙar.

Ƙaramarsu, Nusaiba, ko waiwayowa ba ta yi ba. "Iya, don Allah ki yi shiru. Kina yi mana waƙa."

Tabawa ta zauna a kujerar bakin ƙofa, ƙullin alkakinsu a cinyarta. Har la'asar ba wanda ya tambaye ta abin da ke ciki.