Waƙar da Bulus Yake Rerawa

Muryar tsohon mawaƙin ta dushe a tsakiyar baiti, ya rungume jitarsa yana murmushi, dubban mutanen da suka cika zauren suka ƙarasa masa. Monica kuwa ta kasa buɗe baki. Waƙar nan ce mijinta marigayi Bulus yake rerawa duk Asabar in yana wanke babur a gidansu na Kuje.

Meshach, aminin Bulus, wanda shi ma ya rasa matarsa, ya sunkuyo kusa da kunnenta.

"Maman Linda, wata mai zuwa zan ajiye aiki, in koma gona a Yangoji. Ina so mu tafi tare. Aure nake nufi."

Ta dube shi. Furfura ta cinye gemunsa.

"Tausayina kake ji?"

"Da tausayi ne, da ban jira shekara shida ba."

Da kiɗan ya lafa, ta ce:

"Meshach, duk ran da na ji waƙar nan sai na yi kuka."

"Sai mu yi tare," in ji shi.

Ta miƙa masa hankicinta, ta bar hannunta cikin nasa.