Wanda Ya Ƙara wa Dodo Ƙarfi

Mutumin da zan ba ku labarinsa ya cuci ƙaninsa, uwa ɗaya uba ɗaya, a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Bai doke shi ba, bai zage shi ba. Maɓalli kawai ya latsa.

Ƙanin tela ne. Ya faɗi a kan babur, hannunsa na dama ya karye, da aka kwance ɗauri sai yatsu suka ƙi lanƙwasuwa. Likita ta ce ya riƙa motsa su kullum, in ba haka ba za su sandare. Sai wansa ya kawo masa na'urar wasan bidiyo, ya jona da talabijin ɗin falo.

A wasan, wani jarumi ne mai takobi yake ratsa daji da koguna, har ya iso gadar da wani dodo mai sulke ya tare. Duk cikin 'yan'uwa da abokai, wan ne kaɗai ya taɓa kashe dodon nan, shi ya sa ake kiransa Sarkin Gada. Yana ji da sunan nan fiye da yadda yake ji da sana'arsa.

Tela sai ya mai da dodon ma'aunin hannunsa.

"Ranar da na kayar da shi, ranar zan koma kan keken ɗinki," in ji shi ga matarsa.

Kullum yana zaune kan tabarma da rimot ɗin wasan, yana latsawa yana cije leɓe. Da farko dodo na murƙushe shi nan take. A hankali yatsu suka fara saki, ya koyi kauce wa gatari, ya koyi lokacin kai sara. Wata rana da la'asar, a gaban wansa, saura ƙiris ya gama da dodon.

"Kai ɗan tela, da allura kake soke shi ne?" in ji Sarkin Gada yana dariyar yaƙe.

Wasan yana da matakai: mai sauƙi, tsaka-tsaki, da mai tsanani wanda sai ƙwararru. Tela bai san wannan ba, don wansa ne ya saita komai. Tela na fita alwala, Sarkin Gada ya ɗauki rimot ya kai matakin ƙarshe, ya ajiye shi daidai inda ya same shi.

Daga ranar, sara biyu dodo ke yi jarumi ya faɗi. Tela ya zargi rimot, aka sake batir. Ya zargi likita da ɓoye masa gaskiya. Daga ƙarshe ya zargi hannunsa.

"Maigida, jiya fa da kanka ka ɓalle maɓallan rigarka," in ji matar.

"Ke ma lallashina kike yi. Ga shaida a talabijin. Hannu ya mutu."

Ya daina wasan, ya daina motsa yatsu, ya daina zuwa asibiti. Ya mayar wa mai shago makullinsa, ya sayar da keken. Duk wannan a kan idon Sarkin Gada, yana zuwa gaisuwa yana cewa, "Haƙuri za ka yi, ba kowa ke iya dodon nan ba."

Matar ce abin ya tsaya wa a rai. Ba ta iya wasan ba, amma ta sha kallo tana ninke kaya. A da dodon shi kaɗai yake tsayawa a kan gada. Tun daga la'asar ɗin nan sai ga baƙaƙen karnuka biyu a gefensa.

"Yaya, don Allah karnukan nan daga ina suka fito?" ta tambayi Sarkin Gada a ladabce.

"Dama suna nan. Ke me kika sani a wasan maza?"

Saurin amsar da kau da idon da ya yi su suka ƙara mata zargi. Wan miji ne, ba ta iya tuhumarsa kai tsaye. Sai ta jira ranar da Inna, mahaifiyarsu, ta zo duba Tela, shi ma Sarkin Gada yana nan. Matar ta kunna na'urar, ta durƙusa ta miƙa masa rimot da hannu biyu.

"Yaya, Inna ba ta taɓa ganin sarautar nan taka ba. A kashe mana shi mu sha kallo."

"To Sarki, bismilla," in ji Inna.

Karnuka suka yi kansa, dodo ya kai sara biyu, jarumi ya faɗi. Ya sake, ya sake faɗuwa. Cikin ruɗewa ya shiga wurin saiti ya sauko da matakin zuwa tsaka-tsaki. Da ya koma gada, dodo na tsaye shi kaɗai, babu kare ko ɗaya.

Tela ya dubi talabijin, ya dubi yatsunsa da suka riga suka sandare.

"Yaya, ashe ana iya canza shi?" in ji Tela.

"Wasa ne fa kawai…"

"Wasa?" in ji Inna. "Hannun da yake ci da iyalinsa ne wasa? Tashi ka fita."

Da suka koma asibiti, likita ta ce an yi sakaci da yawa, yatsu biyu ba za su ƙara lanƙwasuwa ba.

Jama'a, hassada ba ta raina wuri. Wanda ba zai iya ganin ƙaninsa ya kamo shi a wasa ba, ba zai so ya ga ya miƙe a rayuwa ba. Idan kuka ga mai rauni yana fafutukar tashi, kada ku ƙara masa nauyi a ɓoye don ku tsira da suna.

Sarkin Gada ya tsira da sunansa. Inna ba ta amsa gaisuwarsa, kuma ba a ƙara buɗe masa ƙofar gidan ƙaninsa ba.