Sau Ɗaya Aka Harba

"Sau ɗaya tak aka harba su, Iya," in ji mai sayar da kwanson harsashi a kasuwar mafarautan Montana ta Amurka, yana miƙa wa wata tsohuwa bokitinsa. "Albarushi kawai za ki ɗura."

Tsohuwar ta zura lanƙwasasshiyar waya cikin kwanso guda, ta karci cikinsa. Wayar ta maƙale a wata siririyar tsaga kusa da gindi. Na biyu ma haka. Ta tura masa bokitinsa.

"Waɗannan sun sha wuta sun gaji. A bindiga za su fashe."

Ya yi dariya, yana ƙifta wa mazan da ke wurin ido. "Wa ya koya miki, Iya?"

Ta cire baƙin tabaranta, ta juyo masa ramin idonta na dama, babu ƙwayar ido a ciki.

"Wani mai daɗin baki irinka. Shi ma sau ɗaya ya ce."