Tela da Maɗacin Mahaifinsa

Kai da kake ce mini ka yi duk abin da ake yi amma al'amarin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, gyara zama in ba ka wani misali. An yi wani dattijon tela wanda ɗinki ne abincinsa, amma zuciyarsa tana wajen katako. In ya rufe shago ranar Juma'a ba ka ganinsa a majalisa, yana bayan gida da guduma da ƙusa, yana harhaɗa 'yan kujeru yana rabar wa maƙwabta. Ana nan sai guguwar bazara ta tumɓuke wani ƙaton maɗaci a gonarsu ta gado, wanda mahaifinsu ya dasa da hannunsa. Ƙannensa suka ce a sayar wa masu gawayi a huta. Tela ya ce wallahi ba da ransa ba. Shi zai tsaga shi ya fitar da katako, ya yi wa zauren gidansu ƙofa, duk mai shiga ya dafa icen Baba. Suka ce, "To Yaya, mun ji. Amma in ruwan shuka ya sauka yana nan kwance a tsakiyar gona, sai dai ka yi haƙuri."

Ya shiga birni ya sayo zarton inji na hannu, sarƙarsa daban a cikin leda. Ya zauna a tabarma ya ɗaura ta a kan dogon ƙarfen zarton, ta zauna daram, ya ɗaure ya ji daɗi. Abin da bai sani ba, bawan Allah, sarƙar nan tana da gaba tana da baya. Ko ta wane gefe ka sa ta za ta shiga, kuma za ta yi gudu, amma ta gefe ɗaya kaɗai take ci. Shi kuwa a juye ya sa ta, haƙoran suna bin itace da ƙeya.

Ya isa gona ya ja igiya, inji ya ɗauki ruri har tsuntsaye suka watse. Ya ɗora a kan maɗaci ya danna. Sai hayaƙi da ƙauri, da wani ɗan baƙin zane a jikin ɓawo. Ikon Allah! Ya koma gindi, haka. Ya koma wajen rassa, haka. Ya ce fetur ne aka gauraya masa, ya zubar ya sayo wani. Ya canza fulogi. Ya tsiyaya baƙin mai har yana ɗiga a ƙafarsa. Ya ce to dakushewa ta yi, ya kwance sarƙar ya bi haƙoranta ɗaya bayan ɗaya da magagari har suna ƙyalli. Da ya shafa don ya gwada, sai ta tsarge masa babban yatsa. Ya tsaya yana kallon jinin yana kallon icen. Wace irin sarƙa ce wannan, ta yanki mutum ta kasa yankar itace? Kuma ka san tela da alli. Duk sanda zai kwance ta, sai ya shafa alli a gefen da ke kallon waje, don kada ya yi kuskure wajen mayarwa. Haka ya riƙa mayar da ita daidai yadda ya fara sa ta, yana yaba wa kansa da tsantseni. Masu wucewa kuwa kowa da tasa. Wani ya ce maɗaci ba sa'an ƙaramin inji ba ne. Wani ya rage murya ya ce ai tun da can an san da mutanen ɓoye a icen nan. Tela da bai taɓa yarda da irin wannan magana ba, sai ga shi yana yayyafa wa gungume ruwan tofi yana yi masa sallama. Kansa ya kulle tamau, abinci ya daina shiga, ɗinkin mutane ya taru a shago. Ya zargi mai fetur, ya zargi wanda ya sayar masa, ya zargi aljanu, bai taɓa zargin hannunsa ba.

Ruwan shuka ya sauka. Ƙannensa ba su yi masa gori ba, sun dai aika an kira masu gawayi. Baƙin ciki ya sa ya ƙi leƙa gonar. Can bayan an kwana biyu ya ce bari ya rabu da wannan jaraba. Ya wanke sarƙar da kananzir, allin ya bi ruwa, ya mayar da ita a fusace ko kallo bai yi ba. Ya tayar da injin don ya tabbata yana tashi kafin ya kai shi kasuwa ya sayar, ya ɗan taɓa wani tsohon kututture da ke tsakar gida. Sai ƙarfen ya nutse kamar wuƙa a kabewa, ɓarɓashi na tsalle har kan hularsa. Ya kashe, ya duƙa ya ƙura wa haƙoran ido, sai yanzu ya ga inda suka sa gaba. Ya saɓi injin ya nufi gona yana haki, ko takalmi bai tsaya nema ba. Ya tarar da baƙin rami yana ɗan hayaƙi, ga buhunan gawayi an jera a bakin hanya ana jiran mota. Ya ajiye injin a ƙasa ya zauna, hawaye na bin gemunsa.

To ka ji. Gaskiyar masu iya magana da suka ce rashin sani ya fi dare duhu.