Ruwan Shuka da Sauran Allurar Nasiba

Kwana shida Altine tana jinyar ɗiyarta Nasiba a asibiti a Madawa. Sanƙarau ne ya kama yarinyar, 'yar shekara biyar, ko wuya ba ta juyawa. In aka ce masu jinya su fita, sai Altine ta koma gindin wani itace a bakin ƙofa ta shimfiɗa zane.

Tsallaken hanya kuwa ga gida nan mai shuɗiyar ƙofa, wata ƙungiya ta buɗe shi don iyayen yaran da aka kwantar. Ɗaki, tabarma, ruwan wanka, tuwo safe da maraice, duk kyauta. Hajo, dattijuwar da ke riƙe da gidan, sau uku tana takowa da ƙafarta.

"Ɗiyata, taso ki shigo cikin 'yan'uwanki. Rana na cin ki nan."

"Na gode, Inna, amma ni ba bara ta kawo ni ba. Gidanmu rumbu ukku, mijina na Abijan. A kai labari Karofane an gan ni ina cin tuwon sadaka? Allah shi kiyaye!"

Kun ji fa! Rumbu uku a Karofane, ita kuwa ga ta a Madawa tana jiƙa garin rogo da ruwan famfo.

Rana ta bakwai da hantsi Nasiba ta buɗe ido tangaram, ta ce, "Inna, hura nika so." Wayyo daɗi! Altine ta manta inda take, ta rangaɗa guɗa a tsakiyar ɗakin marasa lafiya. Majo, babban mai kula da ɗakin, ya shigo yana dariya yana cewa ta yi a hankali.

"Ta ji sauƙi, amma ba ta warke ba," in ji shi. "Sauran allurar kwana huɗu. Kada ki motsa da ita ko nan da can."

Bai gama fita ba salular Altine ta yi ƙara. Maƙwabciyarta Mairamu ce, tana magana tana haki.

"Altine! An yi ruwa! Ruwan shuka, wallahi, ƙasa ta sha ta ƙoshi! Gari duk ya watse daji. Gonarku ɗai ta ba a sa ma sungumi ba!"

Farin ciki biyu a wuni ɗaya, Altine ta rasa inda za ta sa kanta. Ta zauna, ta miƙe, ta sake zama. Danshi ba ya jiran kowa, kwana biyu ne ya wuce. Miji na Abijan, surukinta tsoho ne ba ya gani. Ta dubi Nasiba tana lasar ludayi tana murmushi. To me ya rage? Yarinya ta tashi!

Da azahar ta faki idon majo, ta goya ɗiyarta, ta fice. Tana wucewa ta gaban shuɗiyar ƙofa sai ta ji gidan ya kaure da shewa. Mata sun yi wa Hajo zobe, kowa na ɗaga hannu, ita kuma salula na manne a kunnenta. Hajo ta hango ta.

"Altine! Taho a rubuta sunanki!"

"Rabon sadaka ne," in ji Altine a ranta. Ta ƙara sauri, ta faɗa motar Buza mai bi ta Karofane.

Shuka kam an yi ta! Kwana biyu tana sara, tana jefa iri, tana rufewa da diddige, ƙamshin ƙasa har cikin ƙirji. Ana gaisawa gona da gona, ana yi mata barka da tashin yarinya. Nasiba na wasa a inuwa, Altine har waƙa take.

Rana ta uku zazzaɓi ya dawo, ya fi na farko. Kafin la'asar wuya ya sanƙare, idanu sun juye. A kan babur ɗin kabu-kabu aka mai da ita Madawa, uwa na rungume da ita tana kiran sunan Allah.

Wannan karon Altine ba ta da ƙarfin gardama. Hajo ta kama hannunta ta shigar da ita gidan, ta aje mata ruwa da tuwo. Nan wata mata 'yar garin Babankatami ta nuna mata hoto a salula, gona ce hatsi ya tsiro layi-layi.

"Gonata ce, kuma ban taka ta ba. Ranar da anka yi ruwa, Inna Hajo ta rubuta sunayenmu, ta yi ta kiran masu gari da 'yan ƙungiya. Kowace an yi mata gayya, an shuke mata."

Altine ta juya ta dubi Hajo.

"Shi nika kiranki a kai, ɗiyata," Hajo ta ce a hankali. "Ci abincinki."

Kwana goma sha biyu aka yi ana fama, Allah ya tashi kafaɗar Nasiba. Ranar sallama tana zaune a bakin gado, uwar ta kira ta daga baya. Ba ta juyo ba. Ta sake kira da ƙarfi. Shiru. Majo ya zo ya tafa hannu dab da kunnen dama, ya tafa a na hagu. Yarinya na ta wasa da bakin zanenta.

"Ciwon da ya dawo ya tafi da jinta," ya ce. "Kunne duka biyu."

Altine ta durƙushe a ƙasa.

Jama'a, gidan masu jinya ba gidan bara ba ne, naku ne, don ku aka buɗe shi. Ku shiga ku faɗi damuwarku, kuma kada ku ɗauke yaro daga asibiti sai likita ya sallame shi.