Hanyar Naw Mu Si

Laraba ce. An kwana ana ruwa, ya ɗauke da hantsi.

Mayaƙa suka shigo gari da sojan gwamnati ɗaure da igiyar bauna. Tin Aye sunansa. Suka gurfanar da shi gaban kwamanda, Saw Kler Doh.

Kowa a kwarin nan ya san asalin rundunar. Shekara tara da suka wuce, 'yar Kler Doh, Naw Mu Si, ta bi hanyar gonakin tudu da kwandon abinci, ta taka nakiya. A kwandon aka kwaso ta. Uban ya rantse a kan kabarinta, maza suka bi shi daji. Aka sa wa rundunar sunanta. Hanyar kuwa, ba wanda ya sake taka ta. Ciyawa ta cinye ta.

Ba su da makami a lokacin. Tsoho Pu Tha Wah, wanda gonarsa ke ƙarshen hanyar, shi ya koya musu dura albarushi da ƙusoshi a cikin gora. A da mutum ne mai yawan mita, kullum aladun daji sun cinye masa shinkafa. Tun mutuwar yarinyar bai ƙara ambatonsu ba. Suna kiransa Kakan Runduna.

Yaƙi ya ci ƙauyuka. Sojoji suka ƙone rumbuna, runduna ta yanka masu kai musu labari, har da malamin makaranta.

Kler Doh ya ce wa fursunan su sojoji ne suka binne nakiyar da ta kashe 'yarsa. "Ranka ya daɗe," in ji Tin Aye, "a shekarar da kake faɗa, ko kogi ba mu tsallako ba. Ku tono ɗaya ku gani. Tamu ta ƙarfe ce, da lamba a jiki."

Mayaƙa suka yi dariya. "Ji ɗan kare, har da lamba."

Kler Doh bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallonsa.

Pu Tha Wah ya tofar da jan yawun goro. "Ɗana, bar ɓata baki. Tunda ya ce ba su binne komai ba, ya bi hanyar mu gani."

Aka kai shi bakin hanya, aka kwance masa ƙafa. Tsohon ya ce kowa ya koma bayan babban dutse. Tin Aye ya shiga ciyawa yana kiran uwarsa. Ya wuce inda yarinyar ta mutu. Ya waiwayo, har fuskarsa ta fara saki. Ya ƙara taku kaɗan, nakiya ta tashi.

Bai mutu nan take ba. Ba wanda ya je. Sai la'asar ya yi shiru.

"Ƙarya ta ƙare," in ji mayaƙa.

"Kaka," in ji Kler Doh, "jibi zan sa a tone hanyar nan kaf. Ina so in riƙe ƙarfen da ya kashe 'yata a hannuna."

"Ya kamata," in ji tsohon.

Washegari da sassafe tsohon ya saɓa fartanya, ya bi hanyar kai tsaye ba tare da duba ƙasa ba, ya tsallake gawar, ya tono ta ukun, wadda ta rage cikin gororin albarushi ukun da ya binne wa aladu tun kafin a san yaƙi a kwarin.