Katakon da Ya Ƙi Bushewa

Mus'ab ya soka allurai biyun mitar auna danshi a jikin katakon, ya danna, ya jira. Ashirin da huɗu. Ya zare, ya goge su da bakin riga, ya sake sokawa can gaba. Ashirin da biyar. Sai ka ce da gayya.

Sha biyu yake nema. Kowane kafinta ya san in aka yi ƙofa da katako mai danshin da ya wuce haka, kafin shekara ta zagayo ta kantare, ta ƙi rufuwa. Kuma ba ƙofar ɗakin wani ba ce. Ƙofofin sabon masallacin unguwarsu ne a Funtua, aikin da aka tsallake manyan kafintoci aka ba shi, bisa sharaɗin ya kafa su kafin azumi. In ya kasa, to sai gyaran bencin makaranta har tsufa.

Katakon na itacen maɗacin mahaifinsa ne, wanda iska ta kayar a gonarsu ta Dayi bara, wata uku bayan rasuwar tsohon. Mus'ab ya sa aka yanka shi, ya jera a rumfar gidansu da ke can Dayi yadda ake yi: duwatsu a ƙasa, 'yan sanduna tsakanin katako da katako don iska ta ratsa, kwano a sama. Gidan ai fili ne yanzu. Yayarsa Raudatu tana aure a Danja, ƙannensa biyu suna Kaduna. Sai Inna kaɗai, da awakinta uku, da rediyon da ba ta kashewa.

Kafin katakon nan, abin kunyar faɗa, Mus'ab kan yi wata huɗu bai taka Dayi ba. Yanzu kuwa duk Juma'a yana tafe da mita a aljihu. Ya gwada, ya ci dambun da yake tararwa a rufe, ya hau babur ya juya.

Da farko lamba tana sauka lafiya lau: talatin, ashirin da shida, sha tara, sha shida. Ranar sha shidan har ya ce wa Inna, "Saura mako biyu in kwashe miki tarkacen nan, ki huta."

Ta ce, "To, Allah ya kai mu." Ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Daga nan lamba ta juya sama. A tsakar bazara fa, lokacin da ko wanki ka shanya, kafin ka juya ya bushe ƙayau.

Ya zargi mita, ya aro ta wani abokin sana'arsa a Malumfashi, bakinsu ya zo ɗaya. Ya hau rumfa ya duba kwano, babu huda, to ina ma ruwan saman yake? Abin da ya fi ɗaure masa kai, na sama sun fi na ƙasa danshi, alhali tun yana koyon aiki ya san na ƙasa ne ke shan laima. Ya tambayi Inna ko awaki na hawa. Ta ce awakinta masu tarbiyya ne. Ta kuma ce kwanan nan bayanta na damunta. Ya ce zai taho mata da man zafi, ya manta.

Haka aka ci mako shida. Ranar wata Alhamis shugaban kwamitin masallaci ya tare shi bayan azahar. "Malam Mus'ab, azumi saura kwana ashirin. In ba za ka iya ba, ka faɗa mana tun da wuri."

Kunya ta rufe shi. Nan take ya yanke cewa rumfar ce ba ta da kirki, yau ɗin nan zai kwashe katakon ya kai Funtua. Ya samo motar a-kori-kura, ko waya bai yi ba.

Da la'asar suka isa. Ya bar direba a ƙofar gida, ya yi sallama sau biyu a zaure. Rediyo ya cinye sallamar. Ya shiga.

Tsakar gida a share tsaf, ba kowa, ga tsakin dambun gobe a ƙwarya an rufe da faifai. Kaɗaicin gidan ya ɗan sosa masa zuciya. Sai ya ji motsi a rumfa, ya leƙa.

Inna ce tsaye a kan turmin da ta kife, hannu ɗaya dafe da ƙugu, ɗayan riƙe da buta, tana bin katakon da ruwa a hankali, ɗaya bayan ɗaya, tana ce musu ƙasa-ƙasa, "Ku yi haƙuri, ku ƙara mini Juma'a ɗaya."